Ginshiƙi na Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Anselmo Burgos ya makance, amma bai taɓa yarda da ɗan jagora ba. Gidansu a unguwar Bronx yana gindin tashar jirgin ƙasa ta sama, wadda dogonta ke tafe bisa ginshiƙan ƙarfe a gefen titi. Kullum da safe yakan bi su da sanda, yana ƙwanƙwasawa yana ƙirgawa. A na tara sai ya tsallaka, ya faɗa shagon abokinsa Gaetano mai burodi.

Da aka daina jirgin, sai aka shiga kwashe tashar kaɗan-kaɗan: matakala, rumfa, ɗakin mai tikiti. 'Yarsa Nilda, ma'aikaciyar jinya, ta karɓo takardar gidan tsofaffi ta ajiye.

"Baba, ka ɓata sau ɗaya, zan sa hannu. Ba zan iya aiki hankalina yana titi ba."

"Ni zan ɓata? A titin nan na koya miki tafiya, yarinya."

Shi ma Gaetano ya ja masa kunne. "Tsoho, masu yankan ƙarfe sun iso kwanarmu fa."

"Su fara da burodinka, ya fi ƙarfen tauri."

Ranar Litinin ya fito kamar kullum. Ɗaya, biyu, har shida. A na bakwai sandar ta bugi iska. Rana ta sauka a kansa, a wurin da tun yana saurayi inuwa ce. Ya ci gaba da kintace, ya tsallaka inda yake zaton na tara yake. Ashe mararraba ce. Wata bas ta taka burki har ya ji hucin injin a fuskarsa, sandar ta suɓuce, ya durƙusa yana lalube a kwalta, direba yana ta zagi.

Hannun da ya ɗaga shi yana ƙamshin fulawa.

A shago Gaetano ya zaunar da shi, ya goge masa jinin gwiwa.

"Kada ka gaya wa Nilda. Zan koyi hanyar. Mako ɗaya kawai."

Gaetano ya sa masa kofin kofi cikin tafin hannu, ya shige ciki. Anselmo yana zaune ya ji ana juya lambar tarho a hankali.