Zagaye na Uku

Shekara ashirin da shida mijina yana tuƙa jirgin ƙasan da bai taɓa zuwa ko'ina ba. Tarago huɗu ne da kai guda, fenti ja da kore, yana zagaya wani ɗan filin wasan yara a kan dogon da tsawonsa bai kai daga gidanmu zuwa famfon unguwa ba. Ni kuma ina rumfar ƙofar shiga ina yagar tikiti. Can muka haɗu, can muka tsufa. Ba mai kiransa da sunansa, yara da iyayensu duk Direba suke cewa, har ni ma bakina ya saba.

Tikiti ɗaya zagaye biyu ne, haka mai filin ya rubuta a allo. Amma Direba fuskokin yara yake kallo. In an gama zagaye biyu ya waiwaya ya ga wani ya ƙanƙame ƙarfe yana hawaye, sai ya ja birki, ya sauko, ya ɗauko shi ya zaunar kusa da shi a gaba, ya damƙa masa igiyar usur. Sai a tafi zagaye na uku. Kafin a dawo, mai kukan nan shi ke ihun a ƙara. Cewa yake yaro ba ya sauka daga jirginsa da kuka, don in ya sauka da tsoro, da shi zai girma.

"Kai dai ka iya ɓarnar mai," nakan ce masa.

"Mai Tikiti, yagi takardarki ki bar mini jirgina."

Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba. Na san inda yake kai abin da ke ransa, shi ya sa mitata ba ta wuce baki.

Sai wani babban kamfani ya sayi fegin da ke tsallaken titi. Cikin shekara guda suka kafa lilon da ake hangowa daga tagar ɗakinmu, da wani abin da ke kifa mutane kai ƙasa, da ɗakunan wasa masu sanyi. Talla a rediyo, talla a jikin motoci. Mai filinmu ya yi ta faɗi-tashi, bawan Allah. Ya sake fenti, ya rage kuɗin shiga, ya ɗauko lasifika tana kiɗa har kan mutum ya sara. Ya sayo wani gidan roba da ake hurawa yara su yi tsalle, sati biyu ya huje ya kwanta kamar tsohuwar katifa. Ranar hutu sai in wuni ban yagi tikiti goma ba.

Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda ke layin abin kifa mutanen nan na san da yawansu. Su ne suka ja igiyar usur suna majina. Shi ya cire musu tsoro, su kuma suka kwashi rashin tsoron suka kai tsallaken titi. Da na faɗa masa, cewa ya yi, "To ai sun warke ke nan." Na so in kwaɗa masa ludayi.

Daga ƙarshe mai filin ya sayar wa kamfanin, su kuma wurin ajiye motoci suke so. A gabanmu masu walda suka yanka jirgin suka loda a mota. Direba igiyar usur kawai ya kwance ya sa a aljihu. Kwana tara yana zaune a ƙofar ɗaki, ko rediyo bai kunna ba.

Rana ta goma aka aiko daga kamfanin cewa tsofaffin ma'aikata na iya zuwa gwaji, kuma su ma can suna da jirgin yara. Ai kuwa sai mutumina ya miƙe kamar an zuba wa shuka ruwa. Da kansa ya goge riga, ya je aka yi masa aski. A hanya na riƙe hannun rigarsa.

"Direba, don Allah, yau ɗaya ka rufe idonka. Abin da suka ce shi za ka yi."

"Haba, ni za ki koya wa jirgi?"

Manajar wata matashiya ce mai ladabi, da waya a hannu da wani abu maƙale a kunne. Ina bayan shinge ina jin su.

"Baba, wannan jirgin shi ke tuƙa kansa. Za ka zauna a ɗakin gilashin can, ka danna koren maɓalli. Zagaye biyu, minti uku, ya tsaya da kansa. Ba ka fitowa, ba ka taɓa ɗan kowa, akwai kyamara. Ka gane?"

"Na gane, 'yata."

Tafiya huɗu lafiya lau, har na fara sauke ajiyar zuciya. A ta biyar sai wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, a tarago na uku, ta ƙanƙame ƙarfe ta ɓarke da kuka. Ni yarinyar ban kalla ba, shi na kalla, kuma tun daga yadda ya miƙe na san an gama.

Jirgin na tsayawa ya buɗe ƙofa ya fito. Ya durƙusa, ya yi mata magana, ya ɗauke ta ya nufi gaba. A nan ya yi turus. Kan jirgin roba ce zalla, an zana wani direba mai gashin baki a jiki, ba kujera, ba usur. Ya tsaya da 'yar mutane a hannu yana dube-dube. Sai ya zaunar da ita a tarago na farko, ya zaro igiyar nan daga aljihu ya damƙa mata, ya ruga ɗakin gilashi ya danna kore.

Jirgi ya tafi zagaye na uku da yarinya ita kaɗai, riƙe da igiyar da ba ta haɗe da komai. Ina hango shi ta gilashi ya haɗa hannu a baki yana yi mata kukan usur, ba wanda ya ji. Layi ya kaure da hayaniya. Uwar ta tsallake shinge tana ihu, "Wa ya ce ka taɓa mini 'ya? Wa ya ba ka izini?" Yarinyar ta sauko muryarta ta dushe, igiyar kuma ta faɗi a kan dogo, mai shara ya kwashe.

Manajar ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

"Baba, mutum ɗari biyu ne a layin nan. Wani kamfanin yana gina nasa filin a bayan gari, ya ninka namu biyu. In layinmu ya riƙa tsayawa, can za su koma, mu ma a mai da nan wurin ajiye motoci. Ba zan iya ba ka jirgi ba."

Ya sunkuyar da kai. Sai ta ce akwai gurbi ɗaya da ya rage, na mai sa kayan zomo. Rigar soso ce mai ƙaton kai da kunnuwa, mutum ya shiga ciki ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaga wa yara hannu. Dokarsa biyu ce: zomo ba ya magana, kuma ba ya cire kai a gaban mutane.

"Ba ya so," na ce daga bayan shinge. "Tashi mu tafi gida."

"Ina so," in ji shi, bai ko kalle ni ba. "Akwai yara a wurin."

Wata huɗu ke nan. Kullum da tsakar rana nakan kai masa abinci ta ƙofar baya, ya cire kan zomon, gumi ya jiƙe shi sharkaf, ya ci loma uku ya ture. Ya rame, ya daina tsokanata. Ni da ke mitar ɓarnar mai, yanzu ko tari ya yi sai na ji daɗi, don na ji muryarsa.

Jiya na isa da wuri, sai na tsaya daga nesa ina jira. Wani mutum ya shigo da ɗansa ƙarami. Yaron na ganin ƙaton zomo ya ƙwalla ƙara ya ɓuya bayan ƙafar ubansa. Na ga zomon ya durƙusa a hankali, irin durƙuson da na sani shekara ashirin da shida, ya miƙa hannu. Yaron ya ƙara sautin kukan. Zomon ya kai hannu aljihun da rigar ba ta da shi. Ya ɗaga hannu biyu ya kama kan, na ce yau zai cire, sai ya kalli kyamarar da ke saman ƙofa ya sauke hannun.

Sai ya miƙe, ya taka zuwa bango, ya juya baya. Haka ya tsaya, kunnuwan soso sun langaɓe, har uban ya ja ɗansa suka wuce, yaron na ta kuka. Sun daɗe da ɓacewa bai juyo ba, don ba ya iya gani, kuma ba wanda ya gaya masa sun tafi.

Ni na je na taɓa kafaɗarsa.

"Sun wuce, Direba."

Daga cikin soson na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, karon farko da zomon ya karya doka.

"Ya yi shiru kafin su tafi?"

Na ce masa e.