Leda Biyu Zuwa Ƙetaren Gada

…ta farfaɗo. Haka nas ɗin ta ce a waya, ta farfaɗo, har ta nemi a nuna mata jaririn. Ni kuwa ga ni zaune a kujerar roba a ɗakin rabon jini, ina kallon firji kamar yau na fara ganin firji. Alhamdulillahi. Ashe tun safe numfashina bai kai ciki ba?

Inna, da kina nan da kin ga 'yarki. Ke da kike gaya wa maƙwabta wai aikina koya wa mota hanya. “Duk karatun nan ashe kwandasta za ki zama?” To yau kwandastarki ta… a'a, bari dai, kar in cika baki. Ba ni na sa mata jinin ba. Ban san fuskarta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Wata mata ce ta haihu a ƙaramin asibitin ƙetaren gada, jini ya ɓalle mata, aka buɗe firjinsu aka tarar da irin nata a ciki. Leda biyu. Da ba a kai su jiya ba, da yanzu babur ɗinmu yana tsakiyar cunkoson gada yana ta hon, ita kuma tana can tana…

Kar in kai tunanina can. Ta farfaɗo aka ce.

Jiya — jiya ne kuwa? Ji nake kamar an yi mako. Manhajar nan da na ƙare ƙuruciyata a kanta, ga ta can a allon kwamfuta ta yi shiru kamar ba ita ta tayar da ƙurar ba. Sau nawa na yi miki bayaninta kina gyangyaɗi? Tana duba haihuwar da ake sa rai a kowane asibiti, da nisan hanya, da lokacin da gada take cushewa, da ranar da kowace leda za ta lalace, sai ta ce kai wannan can, bar wancan nan. Shawara kawai take bayarwa. Ba ta tuƙa babur, ba ta buɗe firji. Sai mai rabon jini ya karanta ya danna maɓalli — kore in ya yarda, ja in bai yarda ba. Ni na dage a sa jan nan, har sai da muka yi cacar baki da abokan bincikena.

Jiya manhajar ta ce: jinin nan mai wuyar samu, leda uku suka rage mana, a kai biyu ƙetaren gada. Inda babu wanda ya nema. A bar wa babban asibiti ɗaya tal.

Baba Gardama kuwa — a raina nake kiransa haka, Inna, a gabansa Baba nake cewa, kar ki ce ban da tarbiyya — shi ne mai rabon, tun ina firamare yake ɗakin nan. Ya zaro tabarau, ya goge da bakin riga, ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. “'Yata, babban asibiti fa ake kai masu haɗarin mota. In suka kira, me zan ce musu? Kwamfuta ce ta ce?” Na nuna masa taswira. Ya ce ya san gadar tun kafin a haife ni. Na nuna masa mata uku masu irin jinin, waɗanda watan haihuwarsu ya kama a can. Ya ce mata suna haihuwa lafiya kullum. Har shayinsa ya huce muna abu ɗaya. Daga ƙarshe ya danna koren da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta yi zafi, ya juya mini ƙeya.

Mutumin nan ya sha raina tsawon gwajin manhajar nan. Rabin shawarwarin manhajar ja yake danna musu. Wasu lokutan gaskiyarsa ce, in koma in gyara, wasu lokutan kuma taurin kai ne tsagwaronsa. Kwamitin da ke sa ido kan gwajin kuma suna can suna jira ƙarshen wata su ce a ci gaba ko a naɗe tabarma. Addu'ata kullum ɗaya ce, Allah Ya sa tsohon nan ya yarda da aikina ba gardama ko sau ɗaya.

Ga mai babur ya shigo da kular jini a hannu, gumi sharkaf, yana dariya wai daga yau Boka zai riƙa kiran kwamfutar. Kowa yana dariya. Ni ma ina yi, hawaye yana biyo bayanta, na bar shi ya zubo. Daɗi nake ji, Inna, daɗin da ban san inda zan ajiye shi ba. Wuyana da ya sandare tun asuba ya saki. Yunwa ma nake ji. Akwai wani jariri can da zai yi kuka uwarsa ta ɗauke shi, ba kakarsa ba. Wannan kaɗai… wannan ya isa.

Wayar babban asibiti, baƙar nan ta kusa da taga. Tun safe idona yana kanta. Ba ta yi ƙara ba. Babu motar da ta kife, babu wanda aka shigo da shi jina-jina yana neman leda uku a inda muka bar ɗaya. Wannan kuma lissafina ne? A'a. Manhajar ba ta taɓa cewa tabbas ba, ni na hana ta kalmar. Mai yiwuwa take cewa. Ya fi yiwuwa a can fiye da nan. Jiya da yau aka dace, titi ya zauna lafiya, Allah Ya rufa asiri — ga ni ina yarinya a bakin titin makarantarmu, hannunki ya damƙe wuyan hannuna har yana zafi. Duba dama. Duba hagu. Sake duba dama. Inna, ai babu mota! “Ko babu, duba.” Ina jin haushinki, ina dubawa… me ya kawo wannan yanzu? Gajiya ce. Gida zan tafi in yi wanka, in kira ki, in bar ki ki ce mini kwandasta son ranki.

Allon ya yi ɗan ƙara. Shawarar gobe ta fito.

To, bismillah, Baba, zo mu fara. Har na gyara zama, har na tanadi amsoshina, wallahi yau da marmari nake jiran rigimar. Doguwa ce wannan karon, daga nan ina hango layuka sun cika allon, ni kaina ban san me ta ce ba tukuna. Ya ajiye kofi. Ya matso. Yana murmushi, irin wanda bai taɓa yi mini ba.

Ya danna kore.

“Ai ta fi mu gani, 'yata. Je ki huta.”

Ga abin da na roƙa, an ba ni. In yi murna ke nan? Ina yi… ina jin ina yi. Mai babur har ya ɗauki kula ya nufi firji. Me ta ce a kai? Ina? Wa aka rage wa? Baba, tsaya, ba ka — a raina kawai na faɗa, matar ta farfaɗo, kowa yana fara'a, wa zai so in ɓata wannan yammacin? Gobe sai in yi masa magana. Gobe. In ce masa me — Baba, don Allah ka koma ƙin yarda da ni?

Baƙar wayar tana nan kusa da taga, shiru. Tabaransa kuma, Inna… tabaransa yana cikin aljihu, ko zaro shi bai yi ba.