Ranar da Muka Kai Lusweti Gida

Mijina Lusweti ya rasu ranar Talata a asibiti, ciwon ƙirji ne ya tafi da shi. Shekara goma sha tara yana acaɓa a Nairobi. Ni kuma ina sayar da shayi a tashar da suke tsayawa, bakin babban titin da ke fita gari ya nufi yamma, wajen ƙauyenmu.

Shekara uku kafin rasuwarsa aka yanke layi biyu na tsakiyar titin, aka kewaye su da ƙarfe, aka ba wani kamfani. Wanda ya biya kuɗi sai ya wuce fuu kamar tsuntsu. Wanda bai biya ba sai ya matsu a gefe tare da manyan motoci da masu tura kura. Babur kuwa ko da kuɗinka ba a barinka ka shiga.

Abin nan ya tsaya wa Lusweti a wuya. Ya yi ta yawo da takarda a aljihun rigar ruwansa yana neman sa hannun mutane, wai a mayar da titin yadda yake. Duk Lahadi bayan an tashi coci sai taro. Abokinsa Mutuku, shi ma ɗan acaɓa ne, ya kan tsokane shi a gaban teburina.

"Ranka ya daɗe, yau kamfani nawa ka kayar?"

"Yi dariyarka," in ji Lusweti. "Da harajin man da muke sha aka yi titin nan. Ka taɓa ganin an tsaga ɗakin mutum biyu, an ce ya biya haya a ɓangaren da ya fi shan iska?"

"To in ka yi kuɗi ka sayi mota fa?"

"Ni ko gawata ba za ta bi ta can ba."

Na ɗauki ludayi na buge shi a kafaɗa, na ce ya tofar da yawun bakinsa. Kowa ya yi dariya. Bai tofar ba.

A wajenmu a Bungoma, gawa ba ta shiga gida bayan faɗuwar rana. In rana ta riga ku, akwatin zai kwana a bayan shinge kamar baƙon da ba a san asalinsa ba. Abin kunya ne, kuma ƙauye ba ya mantawa. Mahaifiyarsa, Mayi Nakhumicha, ta tsufa ba ta iya tafiya mai nisa, tana can tana jiran ɗanta.

Ranar Juma'a muka je ɗauko shi. Mun so mu tashi ƙarfe bakwai, amma takardu suka riƙe mu har goma saura. Tafiyar awa takwas ce in hanya ta yi kyau. A motar gawa ina baya kusa da akwatin, ni da 'yarmu Sitawa. Yayansa Namasaka, malamin makaranta, yana gaba kusa da direba. A bayanmu 'yan acaɓa kusan arba'in, kowa ya ɗaura ɗanyen ganye a babur ɗinsa. Haka suke yi wa nasu, su raka shi har tudun da gari ya ƙare.

Da muka iso inda titin ya rabu, sai direba ya taka birki. Layin gefe ya cushe har iyakar gani. Na tsakiya kuwa fayau, sai iska.

"To, ku faɗa mini," in ji direba. "In na kuɗi ne, minti ashirin mun fita gari. In wannan ne, awa biyu, shi ma in Allah ya taimaka."

"Shiga na kuɗin," in ji Namasaka. "Ni zan biya."

Na ce, "Dakata."

Namasaka ya juyo. Idonsa ya yi ja, shi ma kwana uku bai yi barcin kirki ba. Ya kira ni yadda dangin miji ke kiran matar ɗan'uwansu.

"Mulamwa, na san abin da ke ranki. Amma wanda ya mutu ya mutu, bai san ta inda aka bi da shi ba. Mayi tana raye, tun asuba tana zaune a ƙofa."

"In bai san ta inda aka bi da shi ba, yaya zai san ya kwana a waje?"

"Shi ba zai sani ba. Ƙauye zai sani."

Gaskiya ya faɗa. Motocin bayanmu suka fara oda. Sai Mutuku ya matso da babur ɗinsa, ya cire hular kwano, ya leƙo ta taga.

"Maman Sitawa, ku shiga kawai. Mu a nan za mu tsaya, ba wanda zai ji haushi. Maganar tebur ce, wasa yake yi. Ki kai shi gida da rana."

Da Mutuku ya matsa mini in ƙi, wataƙila da na bi Namasaka. Amma da ya ce wasa ne, sai na ji raina ya ɓaci. Shekara uku ina wanke rigar nan, ina cire takardar daga aljihu kada ta jiƙe. Na san ba wasa ba ne. Na ɗora hannuna a kan akwatin, katakon ya ɗauki zafin rana.

Na ce, "Direba, bi inda ya saba bi."

Namasaka ya juya fuskarsa gaba.

Muka kutsa cikin cunkoson. 'Yan acaɓa suka wuce gaba, suna ratsa tsakanin motoci, suna ƙwanƙwasa gilashi ɗaya bayan ɗaya. Ina jin muryar Mutuku yana cewa, "Yallaɓai, ɗan matsa kaɗan, Lusweti ne za shi gida." Wasu suka matsa taki ɗaya. Wani mai tirela ya hau da tayoyinsa gefen kwalta don mu wuce. Wani kuma ya ɗaga gilashinsa ya kau da kai. Wata mai tallar ayaba da ta san shi ta miƙo nonon ayaba ɗaya ta taga, ba ta tsaya an yi mata godiya ba. Bayan ƙarfen nan ina ganin motoci suna wucewa jefi-jefi, ba wanda ya waiwayo.

Awa ɗaya da rabi muka yi. A kan tudu babura suka jera, suka yi oda sau uku, suka juya.

Direba ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ko abinci ba mu tsaya ci ba, ayabar nan muka raba. Amma muna wuce garin Webuye na ga rana ta yi ja, ta sauka bayan gonakin rake. Sitawa ta kama hannuna.

Mun isa gari ya fara duhu. Maza suka sauke akwatin a kan benci biyu ƙarƙashin bishiyar mangwaro, bayan shinge. Mata suna kuka, amma ina jin ƙus-ƙus a cikin kukan. Mayi ta fito tana dogara sanda.

"Me ya riƙe ku?"

"Tambayi surukarki," in ji Namasaka, ya shige ciki.

Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ce a kawo mata kujerarta, a nan za ta zauna.

"Wannan yaro," ta ce, "ko a cikina sai da ya wuce lokacinsa, ya fito ranar da ya ga dama." Ta shafa murfin. Ta ɗago ta dube ni. "Ke kin san maganarsa, ni ban sani ba. Amma akwai waya a hannunki, 'yata. Ni na haife shi. Da kin tambaye ni."

Da rana ta fito muka shigar da shi.

Yanzu shekara biyu ke nan. A ƙauye har yau in na wuce ana cewa ga wadda ta kwanar da mijinta a waje. Namasaka yana gaishe ni, amma gaisuwar ba ta wuce kalma biyu. Layin kuɗin yana nan. Takardar Lusweti tana ƙarƙashin ledar teburina, wani lokaci mai shan shayi ya kan ce in miƙo ya sa hannu.

Na sha komawa a raina wurin nan da titin ya rabu. Na san da zan fara kiran Mayi. Abin da har yau ban sani ba shi ne, me zan ce wa direba in ta ce a bi na kuɗin.