Saukar Baba Sumani daga Hawa na Shida

Awabu ta tare ƙofar lif, na'urar hawa da sauka a bene, da jikinta, kuma Allah ya hore mata jikin tarewa. Mutum biyun da kamfanin jana'iza ya aiko suka tsaya suna kallonta. A kan gadon ɗaukarsu Baba Sumani ne kwance, lulluɓe da farin mayafi, tsohon da ya shekara goma sha ɗaya ƙofarsa na kallon tata. Babban cikin ma'aikatan biyu ya sake yi mata bayani cikin ladabi, cewa lif ɗin ƙarami ne, gado ba zai shiga a kwance ba, sai an jingina shi a tsaye. Haka suke yi a duk dogayen gidajen unguwar Camberwell ta Landan, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

"Waɗanda kuka tsayar ai ba su da bakin ƙorafi," in ji Awabu.

Alkawari ta ɗauka. Makon jiya, da ta kai wa Baba koko, ya kama bakin zanenta ya ce ya taɓa ganin yadda aka sauke wata tsohuwar Baturiya daga hawa na takwas, a jingine kamar tsintsiya. Ya ce shi ya sauko da mutane daga tsaunukan ƙasar Bama, can ƙetaren teku, a kwance, masu rai da matattu, bai taɓa bari kan wani ya sunkuya ba. In ranarsa ta zo, a yi masa yadda ya yi wa mutane.

Kowa a gidan ya san labarin Bama, don Baba ba ya barin baƙo ya gama shayi bai ji shi ba. Yana saurayi aka kwashe su daga zangon Kumasi lokacin yaƙin duniya, aka ba su diga da adda, aka nuna musu tsaunuka aka ce hanya ake so, wadda motar jif za ta bi ta kai wa sojoji abinci da harsashi. Suka sare gora, suka fasa dutse, ruwan sama ya cinye aikin, suka sake. Samarin gidan kan sulale in ya fara labarin. Awabu kuwa, da yake ita ke wanke masa kwanuka, ba ta da wurin gudu, har ta haddace. Yau ta gode wa Allah da waɗannan kwanuka.

Ta aika aka kira Muniru direban tasi daga hawa na uku, da Fatawu mai gadin kanti, da Uwaisu, likita ɗan Kano da ya zo ta'aziyya daga asibiti da kwat ɗinsa. Ta ƙara da wani ɗalibi ƙaƙƙarfa. Fatawu ya leƙa matakalar ya ce lungunan sun yi matsi, ko firji sai da dabara. Muniru ya tuna mata cewa an kama lokacin sallar gawa a masallacin Regent's Park, in suka rasa azahar sai gobe.

"To ku daina surutu ku kama," ta ce. "Mutumin ga ya yi hanya inda akuya bai iya hawa. Bene shida ne zai gagare ku?"

Ta cire gyalen kafaɗarta ta naɗa gammo, ta karɓi na wata maƙwabciya ta naɗa na biyu, ta ɗora wa Muniru da Fatawu. Sannan ta faɗa musu yadda ake yi a gangare, kamar yadda ta ji daga bakin Baba: na ƙasa su ɗauka a ka, na sama su sauke hannu har gwiwa, sai kaya ya daidaita. In an zo kwana, na ciki ya kafe kamar turke, na waje ya zagaya shi. Uwaisu ya tuɓe kwat ba musu. Kafin su ɗaga, ta ɗauko jar hular Baba ta ajiye masa a ƙirji, haka kawai, ba ta maƙale ta da komai ba.

Kwanar farko gadon ya goge bango. A ta biyu Uwaisu ya fara haki, ta ce ya tsaya ya numfasa, tsauni ba ya son gaggawa. Daga nan ƙafafunsu suka samu kiɗa ɗaya. Tana gaba tana ja da baya, tana cewa ƙasa, tsaya, zagaya, muryarta na amsawa a matakalar. Ƙofofi suka riƙa buɗewa, 'yan Jamaika da Yarabawa da Turawa suna matsawa jikin bango, wasu da cokali a hannu. Awabu ta ji alfahari ya cika mata ƙirji har ya danne kukan da ke neman zo mata, ta so a ce duk Landan ta leƙo ta gani.

Da suka fito fili, gumi ya jiƙa rigunansu duk da sanyin Nuwamba. Ma'aikacin kamfanin ya buɗe bayan mota, suka zura gadon a hankali. Awabu ta leƙa kafin a rufe. Hular na nan zaune a ƙirjin Baba, daidai inda ta ajiye ta.