Tsinke a Kan Sawun Hanan

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Da asuba aka yi ruwa mai ƙarfi, ya ɗauke kafin hantsi, ya bar layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi da laka mai laushi wadda ko kaza ta taka sai an ga yatsunta. Ina zaune cikin adaidaita sahun da nake ja, a ƙofar gida, labulen tamfol a sauke, ina jira ƙasa ta sha iska. Ni ba na iya zama haka kawai, shi ya sa ma makaranta ba ta riƙe ni ba. Sai na kama tunanin abin da zan saya wa Hanan.

Hanan 'yar yayata Bilkisu ce. Mijin Yaya yana aiki a Fatakwal, don haka wajenmu suke zaune, ni da su da Inna. Ranar Asabar yarinyar za ta cika shekara uku, Yaya kuma ta dage sai an yi mata bazde, da kek da balan-balan, duk da Inna na cewa a zamaninsu waina ake soyawa a raba sadaka a wuce wurin. Na yi tunanin 'yar tsana, na tuna Inna ba ta son abu mai ido yana kallonta a ɗaki. Na yi tunanin bindigar ruwa, na tuna ni za a fara jiƙawa.

Ina cikin haka Hanan ta fito a guje, ba takalmi, ta tsallaka zuwa shagon Maman Onyeka da ke kallon gidanmu. Sunan matar Oluchi, amma ba mai kiranta haka. Tun ina rarrafe take layin nan tana sayar da burodi da madara da sabulu, Hausa a bakinta kamar a Daurawa aka yanke mata cibiya. Ita ta raka Yaya asibiti ranar da aka haifi Hanan. Kullum da hantsi yarinyar tana kan bencinta, tana cin biskit tana zuba surutu.

Yaya ta ƙwala mata kira daga cikin gida, ta koma a guje. Sawunta ya fito raɗau a cikin lakar, ɗaya bayan ɗaya.

Sai Maman Onyeka ta fito. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ba ta gan ni ba. Ta tsuguna kan sawu ɗaya, ta zaro tsinken tsintsiya ta shimfiɗa a kai, ta karya, ta ƙulle guntun a bakin zaninta. Sannan ta sa tafin hannu ta shafe sawun. Ta bi sauran ta shafe da silifas ɗinta, har bakin ƙofarmu. Ta sake waiwayawa, ta shige shago.

Duk wanda ya girma a garin nan ya ji labarin ɗibar sawu, ya san ba don alheri ake bin sawun mutum ba. Amma na ce wa kaina Maman Onyeka ce fa. Na tayar da keke na tafi aiki.

Da la'asar na dawo na tarar da Hanan kwance jikin uwarta, jiki kamar garwashi. Nan na kasa riƙe bakina, na faɗa musu abin da na gani.

Inna ta ajiye carbinta. "Sake faɗa. A hankali."

Na sake faɗa.

"Tsinke ka ce?" in ji Yaya. "To ai ma'auni ne. Wataƙila takalmi za ta saya mata."

"Mai sayen takalmi ƙafa yake aunawa, ba ƙasa ba," Inna ta ce. "Yarinyar nan wuni take a shagonta. Ƙafar na gabanta, ta bari sai da ta tafi ta bi sawu? Kuma ta shafe?"

"Inna, damina ce. Sauro ne. Rabin yaran layin nan zazzaɓi suke."

"Rabin yaran layin nan aka bi sawunsu?"

Yaya ta shafa kan Hanan. Ta ɗago ta dube ni. "Kai ma Murtala, ka tabbata abin da ka gani? Ko dai ka yi gyangyaɗi a keken?"

"Wallahi Yaya, da idona."

Washegari na kai su asibiti, aka ce maleriya ce, aka ba da magani. Inna kuma ta yi tofi a ruwa tana ba ta. Aka hana Hanan leƙa ƙofa. Maman Onyeka ta shigo dubiya da lemo a leda, Inna ta amsa gaisuwarta a taƙaice, tana fita aka zuba lemon a shara.

Ranar Juma'a da safe na ga ta rufe shago ta tari keke. Ba nawa ba, alhali ina tsaye a wurin, kuma ni nake kai ta ko'ina. Wannan ma ya tsaya mini. Na bi su a baya har kasuwar Tarauni. Ta sauka, ta ratsa 'yan kayan miya, ta shige wani siririn lungu. A bakin lungun wani tsoho ya baje saiwoyi da ɓawon itace da ƙulle-ƙulle a kan buhu. Na ga ta tsaya sun gaisa, har da dariya. Kafin in sami inda zan ajiye keke, wani mai tura kura ya tare mini hanya, ta ɓace mini.

Na tsaya jira. Don kada a ce ina laɓe, na tsaya gaban wani mai kayan wasan yara.

"Shekararsa nawa?" ya tambaye ni.

"Mace ce. Uku."

"Ga waya mai waƙa. Ga jirgi. Ga tukwanen wasa."

"Wanne ne ba za ta haɗiye ba?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini motar roba mai igiya, shuɗiya. Ina karɓa na hango Maman Onyeka ta fito daga lungun da baƙar leda, ta tura ta can ƙasan jakarta, ta ja zif.

Na faɗa wa Inna komai: keken da ta ƙi shiga, da tsohon, da ledar. Ban shiga lungun ba, don haka ban san abin da ake sayarwa a cikinsa ba. Inna ba ta tambaya ba.

Asabar Hanan ta tashi da sauƙi, har ta ci tuwo. Yaya ta ce maganin asibiti ne, Inna ta ce tofi ne. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yaran maƙwabta suka cika ta, aka ɗaura balan-balan a igiyar shanya. Na ba Hanan motarta, ta ja ta sau biyu, wani yaro ya zauna a kai.

Sai ga sallamar Maman Onyeka. Ta ci ado, tana riƙe da wani abu naɗe cikin takarda mai ƙyalli, an ɗaure da jan zare.

"Ina amaryata? Hanan, an warke? Kin tsorata ni!" Ta miƙa wa Yaya ƙunshin. "Bilki, ɓoye wannan. Kada a buɗe sai an yanka kek, kin ji? Ita da kanta za ta buɗe, da hannunta."

Na ga Inna ta ɗago kai.

Maman Onyeka ta leƙa kek ɗin. "Af! Ba kyandir? Murtala sarkin yawo, duk zagayen da kake yi a gari ba ka sayo kyandir ba? Bari in ɗauko, ina da ƙanana a shago."

Tana fita Inna ta karɓe ƙunshin da bakin mayafinta, ba ta yarda ya taɓa fatarta ba.

"Inna, a buɗe mana a gani," Yaya ta ce ƙasa-ƙasa.

"Ba ki ji ta ba? Da hannunta. Buɗewar ake so."

"Inna, matar nan ita ta riƙe ni ina naƙuda."

"Na sani. Ki zaɓa, ko ta ji haushi, ko 'yarki ta sake kwanciya."

Yaya ta dubi Hanan, wadda har yanzu idanunta ba su gama washewa ba.

Inna ta jefa ƙunshin cikin tsohon kwanon wanki, ta haɗa ni da kananzir da ashana. "Lungun baya. Kada ka buɗe, kada ka shaƙi hayaƙin."

Na fita ta ƙaramar ƙofa. Na girgiza kwanon, na ji abu biyu suna motsi a ciki. Zuciyata ta ce in yaga takardar kaɗan in leƙa. Wata zuciyar ta tuna mini zafin jikin Hanan. Na tsiyaya kananzir na ƙyasta.

Takardar ta tafi nan take. Ƙarƙashinta kwali ne, shi ma ya kama, ya buɗe baki. Sai na ga wata 'yar fitila tana walƙiya cikin wutar, ja, kore, ja, kore. Takalma ne. Jajaye, ƙanana, irin masu kawo wuta a dunduniya idan yaro ya taka. A cikin na dama ga guntun tsinken nan kwance daga yatsa zuwa dunduniya, cif. Na sa ƙafa na kifar da kwanon, amma robar ta riga ta narke ta kama juna. Wani abu ya yi ɗas, fitilar ta mutu.

"Jajaye ta ce tana so."

Na juya. Maman Onyeka ce a bakin lungun, hayaƙin ne ya jawo ta. Kyandir uku a hannunta.

"Na zaga rumfa-rumfa kafin in sami ja daidai ita," ta ce. Muryarta ba ta ɗaga ba.

"Maman Onyeka, ai da kin auna ƙafarta..."

"Hanan? Da na taɓa ƙafarta da tsinke, kafin azahar duk Gyaɗi-Gyaɗi sun ji. Kai ma da na shiga kekenka, da ka faɗa. Kyautar bazde ba a faɗa, Murtala."

"To me ya sa kika shafe sawun?"

"Kai ka gan ni ke nan." Ta gyaɗa kai. "Je ka tambayi Inna. Ranar da ɗana Onyekachi ya fara tafiya a layin nan, ita ta fito da tsintsiya ta share bayansa. Ta ce mini, 'yar nan, ba a barin sawun yaro a hanya. Tun ranar ban taɓa bari ba."

Ta kamo hannuna ta zuba mini kyandirorin, ta juya.

Na koma ciki na faɗa musu. Yaya ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To zazzaɓin fa? Me ya sa sai ranar?" Ni na kunna kyandirorin, yara suka yi ta tafi, Hanan ta hura har da yawu.

Yaya ta je ban haƙuri washegari. Maman Onyeka ta ce ba komai, ta auna mata sukarin da ta tambaya, ta ce a gaida gida. Da Hanan ta samu ta sulale zuwa shagon, ina kallo daga keke. Matar ta ba ta biskit kamar kullum. Amma ba ta ɗora ta kan benci ba. Ta ɗauke ta cak, ta tsallako layin da ita a kafaɗa, ba ta bari ƙafarta ta taɓa ƙasa ba, ta dire ta a kan dakalinmu, ta koma.

Abin da aka rasa: takalma, na dama da na hagu, jajaye, ba a taɓa sawa ba. Kwanon wankin Inna. Lemo leda ɗaya. Taya ɗaya ta motar da na saya. Fasinja ɗaya da nake kaiwa kasuwa. Ƙawa ɗaya ta Yaya Bilki. Da wurin zaman Hanan a kan benci.