Tsamin Zuwaira

Zuwaira tana shafa kullun kisra, siririyar gurasar dawa, a kan ƙarfen tuya, kunnenta yana tsakar gida. Ƙanwarta Rawan ta zo hutu daga jami'a, Baba ya zauna gabanta kamar ɗalibi.

Rawan ta ce, "Ƙwayar yisti tana rabuwa biyu, Baba. Kafin ta rabu, kalsiyam ke ba ta alama, sinadarin nan da ke cikin ƙashi."

"Kullu yana da ƙashi? Mashallah!" Baba ya yi dariya. "Sai na faɗa wa 'yan layin dawa a kasuwa."

Tun rasuwar mahaifiyarsu Zuwaira ke ciyar da tukunyar tsamin kullu da ta bari, tana ƙara mata gari. Tukunyar ce ma dalilin barinta makaranta. Baba bai taɓa kai labarin Zuwaira kasuwa ba.

Rawan ta leƙo da kwalba. "Yaya, ɗibar min tsamin Inna. A kansa zan yi aikin kammala karatu. Yistin kanti kowa ya bincike shi, malamina ba zai karɓa ba."

"To," in ji Zuwaira.

Da Rawan ta fita, Zuwaira ta dama garin dawa da yistin kanti, ta cika kwalbar.

Bayan azahar Rawan ta ɗaure jakarta, motar Kassala ba ta jira. Ta manna farar takarda a jikin kwalbar, ta miƙo biro.

"Kowane samfuri sai da suna. Ki rubuta naki, Yaya. Ke kika raya shi."

"Rubutuna kamar sawun kaza."

"Kazar ma ta rubuta. Yalla, yi sauri."

Zuwaira ta dubi kwalbar. Kumfa yana tashi da sauri, irin na abin saye. Tsamin Inna ba ya gaggawa haka.

"Murfin yana yoyo," ta ce, ta koma kicin.

Ta juye wa kaji abin da ke ciki, ta wanke kwalbar, ta ɗebo daga ƙasan tukunyar Inna. Ta rubuta sunanta harafi bayan harafi, manya-manya, har takardar ta cika, babu wurin wani suna.

A bakin ƙofa Baba ya karɓi kwalbar, ya ɗaga wa maƙwabcinsu Tsoho.

"Ka gani? Binciken Rawan ke nan."

Tsoho ya matso da ido. "Ni dai Zuwaira na karanta."

"Ita ta zuba mata," in ji Baba, ya ɗauki jakar.

Zuwaira ta koma wajen ƙarfe. Kisra ɗaya ta ƙone.