Aikin Babana, Sha Tara Bisa Ashirin

"Wa ya ce ki liƙa? Tambayata ke nan, Malama. Wa ya ce ki liƙa?"

Mutumin ya daki teburin Hedimasta da tafin hannu har gwangwanin biro ya kife. Malamar rubutu ta aji shida, wadda yara ke kira Me-Ka-Gani a bayan idonta, tana tsaye jikin kabad da takardar a hannu, gefenta huɗu duk ramin ƙusa.

"Baban yarinya, kowace Alhamis muna liƙa rubutun da ya fi kyau. Shekara bakwai ke nan, ba a kan 'yarka aka fara ba."

"Amma a kaina aka ƙare!"

"Haka ne," in ji Hedimasta.

Shi dama Hedimasta ba ya da wata magana sai wannan. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi ke da gaskiya a wurinsa. An ce ranar da matarsa ta kira shi sakarai ma, haka ne ya ce.

Ga yadda abin ya faro. Malama ta ba 'yan ajinta arba'in aikin gida, ta ce kowa ya rubuta shafi guda a kan aikin babansa. Ta san abin da zai dawo mata, don shekara goma sha bakwai tana makin abu ɗaya. Babana likita ne. Yana tashi da safe. Yana fita ƙarfe bakwai. Yana dawowa ƙarfe huɗu. Ina son babana. Har mai facin taya na bakin makaranta ya zama injiniya a littafin ɗansa. Kullum sai ta buga rula a tebur ta ce, "Ban tambaye ku abin da kuka haddace ba. Me ka gani? Me kika gani da idonki?" Yara su zuba mata ido, ran Litinin su kawo mata likitoci talatin.

To, a wannan karon, cikin tulin nan sai ga takardar wata 'yar shiru-shiru da ke zama kusa da taga. Yarinyar ta rubuta cewa aikin babanta shi ne zama a kan benci a bayan tashar mota. Ta ce ranar da zazzaɓi ya sa aka maido ta gida da hantsi ta fara ganinsa ta tagar bas. Yana ɗora jakarsa a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Yana karanta jaridar da wani ya yar. In rana ta take sai ya buɗe abincin da mamanta ta ƙunsa masa, ya juya fuska bango ya ci. Ƙarfe huɗu saura kwata ya goge takalminsa da hankici, ya taho gida yana cewa yau aiki ya yi yawa. Ta rufe da cewa babanta ya fi kowane baba iya zama.

Malama ta karanta sau uku a ɗakin malamai, shayinta ya huce ba ta sani ba. Ta ba da sha tara bisa ashirin, ɗayan ma don yarinyar ta manta aya ne a wuri biyu. Murna ta rufe mata ido ruf. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta ce, shin wannan baban na wani gida ne, yana da mata, yana da maƙwabta? Ta ɗauki ƙusa huɗu ta nufi allon sanarwa.

Allon kuwa yana ƙarƙashin rumfar bakin ƙofa, inda iyaye mata ke jiran a tashi yara. Matan nan, a liƙa sanarwar taro wata guda ba mai ɗaga kai. Amma wannan takarda? Har layi aka yi. Wadda idonta ba ya gani sosai ta sa aka karanta mata, ta ce a maimaita wajen bangon. Kafin yarinyar ta cire kayan makaranta, maƙwabciyarsu ta riga ta shiga gidansu aron ashana, ta fito da ashanar, ta bar labarin. Ta nan uwar yarinyar ta ji cewa wata huɗu ke nan da kamfanin robobi ya sallami mijinta daga gadin sito.

"Ni fa ban san gaskiya ba ne," in ji Malama. Tana faɗa ta ji kunyar kanta, don ta sani sarai. Ba a ƙirƙiro hankicin nan.

"Ba ki sani ba? To me kika ba maki, ƙarya?"

"Rubutu na ba maki."

"Rubutu!" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Uwarta ta kwashe ƙananan ta tafi gidan yayanta tun jiya. Ta ce sallamar ba ta dame ta ba, abincin da ta yi ta ƙunsawa ne ya dame ta. Mai shagon layinmu yau da ya gan ni cewa ya yi, Oga, an fito ofis? Duk wannan rubutu ne?"

"Haka ne, abin bai yi daɗi ba," in ji Hedimasta yana tsince birurruka.

"Abu ɗaya nake so. Ki soke makin nan, ki sa sifili, ki rubuta da jan biro cewa ƙarya ce. A mayar allon, su karanta wannan ma."

"Ba zan iya ba."

"Malama," Hedimasta ya sassauta murya, "ai ko a ƙa'idar maki akwai hanya. An ce aikin baba. Ita kuwa ba ta ambaci aiki ba. Ta kauce wa tambaya ke nan."

"Yallaɓai, a ajin nan kaf ita kaɗai ce ta amsa tambayar."

Ba taurin kai ne kawai ya riƙe ta ba. Ta san in ta sa sifilin nan, yarinyar ba za ta ƙara rubuta abin da idonta ya gani ba har abada, sauran talatin da taran kuma su ce ai ga shi nan. Ɗaya tak ta samu cikin shekara goma sha bakwai, ɗayar ake so ta kashe da hannunta.

Uban ya leƙa waje ya ce, "Mamana, shigo."

Ashe tana bakin ƙofa tun ɗazu. Ta shigo idanu a kumbure, ta durƙusa ta gaida Hedimasta, ba ta dubi Malama ba.

"Faɗa mata."

"Malama, ƙarya na yi."

"'Yata, ɗago ki dube ni. Ba wanda zai taɓa ki a ofis ɗin nan."

"Ba wanda ya taɓa ni." Ta ɗago, kuma da ma ba ta ɗago ba. "Ke kika ce mu rubuta abin da muka gani. Ba ki ce za ki nuna wa mutane ba. Ni ke na rubuta wa."

Yarinyar ta zaro wata takarda daga littafinta ta miƙa da hannu biyu.

"Ga wani na sake."

Rubutu tsaf, ba gogewa, kowace aya a wurinta. Babana ma'aikaci ne. Yana tashi da safe. Yana fita ƙarfe bakwai. Yana dawowa ƙarfe huɗu.

"Madalla, shi ke nan an huta," in ji Hedimasta, har da tafi. "A ba wannan makin wancan, a liƙa shi, kowa ya kama gabansa."

Malama ta dubi uban. Wuyan rigarsa a goge yake ƙal, amma da ka gani ka san namiji ne ya yi gugar, don ƙarfen ya ɗan ƙona gefe. Ta karɓi jan biro daga hannun Hedimasta. Ta ja layi a kan sha taran, ta zana sifili babba, ta rubuta a ƙasa, ba gaskiya ba ne. A kan sabuwar ta sa sha tara.

Uban ya ɗauki ta sifilin ya karanta tun daga sama, leɓensa na motsi. Ashe shi bai taɓa karanta ta ba, ji kawai ya yi a bakin mutane.

"Na fi kowa iya zama," ya ce a hankali.

"Baba, ƙarya ce. Ai ga shi Malama ta rubuta."

Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihun gaba.

"Ba allon za a mayar ba?" in ji Hedimasta.

"Ku liƙa ta ma'aikacin." Ya kama hannun 'yarsa. "Malama, ran Litinin kada ki nemi sunanta a rajista. Ki samo wani gidan ki koya wa rubutu."

"Ka bar ta ta ƙare zangon nan, don Allah. Ni ce mai laifi, ba ita ba."

"Haka ne," in ji Hedimasta.

Mutumin ya ja yarinyar suka fita, ya maido ƙofar da ƙarfin da ya sa kalandar bango ta faɗo ƙasa.